Babi na Shida: Jirgin Shayi da Ke Tsaye a Greenwich

Mutumin Tamale da ya sauka Landan, in mai masaukinsa ya ce gobe za su je kallon wani tsohon jirgin ruwa, tambayar da ke fara fitowa bakinsa ba ta wuce wannan: me ake kallo a jirgin da ba ya tafiya, har sai an biya kuɗi? Tambayar tana kan hanya. Wanda ya tashi a Hausa Zongo ko Aboabo, jirgin ruwan da ya sani shi ne kwalekwalen masunta a Yapei, ko manyan jiragen da ke hauro da man fetur da siminti daga Akosombo zuwa Buipe. Waɗannan duk na aiki ne, kuma in sun tsufa a bakin ruwa suke ruɓewa, ba wanda ke yanka musu tikiti.

Jirgin da ake magana a kansa sunansa Cutty Sark. Yana unguwar Greenwich, a kudu maso gabashin Landan, dab da gaɓar kogin Thames. Shi ma na aiki ne, jirgin fatauci, kuma kayan da aka ƙera shi dominsu su ne ganyen shayi. Wanda ya shiga da idon ɗan kasuwa zai fi kowa gane abin da ke gabansa.

Jirgin da aka ƙera don gudu

An ƙera Cutty Sark a garin Dumbarton na ƙasar Sikotlan, aka tura shi ruwa ranar 22 ga Nuwamba, 1869. Mai shi wani attajirin Landan ne, John Willis. Jirgin ba shi da inji ko kaɗan. Iska ce ke kora shi, ta hanyar filafilai, wato manyan ƙyallaye masu kauri da ake ɗaurawa a jikin dogayen ginshiƙai uku. In an buɗe su duka sun kai 32, faɗinsu kusan murabba'in mita 3,000. Ginshiƙin tsakiya ya kai mita 47 a tsaye, igiyoyin da ke riƙe da wannan kaya kuwa, in aka jera su baki da baki, za su yi kusan kilomita 18.

Gangar jirgin tana da tsawon kusan mita 65, faɗinta mita 11 kawai. Siririya ce, goshinta mai kaifi, don ta tsaga ruwa. Ƙashinta na ƙarfe ne, aka lulluɓe da katako, sannan aka bi ƙasan da faranta na gaurayen jan ƙarfe da tutiya don kada tsutsar teku ta ci katakon, kada kuma ciyawa ta manne ta rage gudu. In iska ta yi daidai yana yin kilomita 32 a awa. Ya taɓa cin kusan kilomita 670 a yini da dare ɗaya, abin da ya ɗara tazarar Tamale zuwa Accra ta hanyar Kumasi.

Me ya sa ake wannan gaggawa a kan ganye? Fataken da suka riƙa ɗaukar goro daga Salaga zuwa Kano a ƙarni na 19 ba sa bukatar a yi musu bayani. Ayarin da ya riga shiga kasuwa da sabon goro shi ke yanka farashi, wanda ya makara kuma sai ya sayar yadda ya samu. Haka shayin sabuwar kaka yake a Landan. A farkon shekarun 1860, jirgin da ya riga isowa daga ƙasar Sin yana samun ƙarin sule 10 a kan kowane tan. A tseren 1866, jirage biyu, Taeping da Ariel, sun yi kwana 99 a teku, suka shiga tashar Landan a rana ɗaya, tsakaninsu bai kai awa guda ba. Kyaftin a nan shi ne madugu: shi ke zaɓen hanya, shi ke karanta yanayi, kuma a wuyansa dukiyar mutane da rayukansu suke.

Ya zo a makare

Kwana biyar kafin a tura Cutty Sark ruwa, ranar 17 ga Nuwamba, 1869, aka buɗe mashigin Suez a Masar. Wannan mashigi ya rage wa jirage masu inji dubban kilomita tsakanin Sin da Ingila. Jiragen iska kuwa bai amfane su ba, domin iskar Bahar Maliya ba ta yi musu daidai, kuma a cikin mashigin sai an ja su. Dole suka ci gaba da zagaye Afirka ta kudu.

Duk da haka Cutty Sark ya yi safarar shayi sau takwas, daga 1870 zuwa 1877. A tafiyarsa ta farko ya taso daga Shanghai da kimanin tan 600 na ganye, ya iso Landan cikin kwana 110. Tafiyar da aka fi ba da labarinta ita ce ta 1872, lokacin da suka taso tare da babban abokin hamayyarsa, Thermopylae. Cutty Sark yana gaba da ɗaruruwan kilomita sai guguwa ta karya allon da ke juya akalarsa a ƙarƙashin ruwa. Ɗan'uwan mai jirgin, wanda ke ciki, ya matsa a ratse Cape Town a yi gyara. Kyaftin George Moodie ya ƙi. Kafintan jirgin, Henry Henderson, ya harhaɗa wani allon a tsakiyar teku da katako da ƙarafan da ke hannu, aka ci gaba da tafiya. Sun iso bayan kwana 122, mako ɗaya a bayan Thermopylae, mai jirgin kuma ya ba kafintan tukuicin fam 50.

Da jirage masu inji suka ƙwace shayi, sai ya koma ɗaukar gashin tumaki daga Ostareliya, daga 1883 zuwa 1895. A nan ne ya yi suna sosai, musamman a hannun kyaftin Richard Woodget, wanda ya taɓa kawo shi daga Sydney cikin kwana 73. A 1895 aka sayar da shi ga wani kamfanin Fotugal, aka sauya masa suna zuwa Ferreira, ya shekara fiye da 25 yana jigila tsakanin Lisbon da Angola da Mozambik da Barazil. A 1922 wani tsohon kyaftin, Wilfred Dowman, ya saye shi ya mayar da shi Ingila. Ya zama makarantar horar da matasan matuƙa, sannan a 1954 aka shigar da shi busasshen ramin da yake ciki yanzu. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe shi ga jama'a a 1957.

Ranar 21 ga Mayu, 2007, ana cikin aikin gyara, gobara ta tashi a cikinsa. Bincike ya ɗora laifin a kan wata na'urar zuƙe ƙura da aka bari a kunne. Sa'ar da aka yi ita ce an riga an kwance ginshiƙai da katako masu yawa an kai su ajiya wani wuri. An sake buɗe shi ranar 25 ga Afrilu, 2012.

Yadda ake isa wurin

Hanyoyi huɗu ne suka fi sauƙi. Ta farko ita ce ƙaramin jirgin ƙasan nan maras direba da ake kira DLR, wanda ke tashi daga Bank ya bi ta Canary Wharf ya nufi Lewisham. Akwai tasha mai sunan jirgin, akwai kuma tashar Greenwich, wadda tafiyar minti goma ce a ƙafa. Yana da kyau a duba da safe ko ana gyara a ɗaya daga cikinsu. Wanda ya taso daga filin jirgin Heathrow sai ya hau layin Elizabeth zuwa Canary Wharf, ya sauya a can.

Ta biyu jirgin ƙasa ne daga London Bridge, wanda ba ya wuce minti goma. Ta uku bas: lamba 177 tana tashi daga Peckham ta ratsa Greenwich ta wuce Woolwich zuwa Thamesmead, unguwannin da mutanen Afirka ta Yamma suke da yawa, don haka baƙo da dama ita za ta fi yi masa kusa da masauki. Ta huɗu ta fi tsada amma ta fi daɗin kallo, wato jirgin ruwan haya da ke bin Thames daga Westminster ko Tower, ya sauke mutum a gaban Cutty Sark.

Mai son tafiyar ƙafa yana iya sauka a tashar DLR ta Island Gardens, a ɗaya gaɓar, ya bi ramin da aka haƙa a ƙarƙashin kogin tun 1902. Tsawonsa kusan mita 370, kyauta ne, kuma ƙofar fitarsa tana gefen jirgin.

Abu ɗaya da ke ba baƙi mamaki: bas ɗin Landan ba ta karɓar tsabar kuɗi tun 2014. Sai katin Oyster ko katin banki da ake dangwalawa. MoMo da aka saba da shi a gida ba ya aiki a nan, saboda haka a tanadi kati tun kafin a fito.

Tikiti da lokaci

Hukumar Royal Museums Greenwich ce ke kula da jirgin. A bisa al'ada ana buɗewa ƙarfe 10 na safe, a rufe ƙarfe 5 na yamma, kuma ana daina shigar da mutane kusan minti 45 kafin rufewa. Ba a buɗewa daga 24 zuwa 26 ga Disamba. A 2024 tikitin babba fam 20 ne, na yaro rabin haka, kuma farashin yana ɗan hawa daga shekara zuwa shekara. Saye ta intanet ya fi, domin a nan ake zaɓen lokacin shiga. Akwai tikitin haɗaka da ya ƙunshi jirgin da gidan nazarin taurari da ke kan tudu, wanda ya fi sayensu ɗai-ɗai araha.

Awa ɗaya da rabi ta isa a zagaya ko'ina ba tare da gaggawa ba. Cunkoso ya fi yawa a ƙarshen mako da lokacin hutun makarantu, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba. Ranar tseren gudun fanfalaki na Landan, wanda aka saba yi wata Lahadi a Afrilu, masu gudu suna zagaya jirgin, ana rufe tituna, don haka ba ranar ziyara ba ce.

Sai batun salla. A Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa, abin da mutumin Tamale bai saba gani ba. Wanda ya shiga jirgin da hantsi zai fito da sauran lokaci. A Yuni kuwa rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare. Akwai masallaci a Lewisham Islamic Centre, a kan babban titin Lewisham, tafiyar bas kaɗan daga Greenwich. A lura kuma da agogo: daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Ingila tana gaban Gana da awa ɗaya, sauran watanni kuwa lokacinsu ɗaya.

Cikin jirgin, hawa-hawa

Ana shiga ta wata ƙofa da aka yanka a jikin gangar, kai tsaye zuwa ɗakin kaya na ƙasa. Nan ne wurin shayi. Ma'aikatan tasha a Sin suna jera akwatuna fiye da 10,000 a ciki, suna buga su da guduma ta katako har ba a bar ko tafin hannu na sarari ba, domin kayan da suka motsa a cikin guguwa suna iya kifar da jirgi. Lodi ɗaya ya isa a dafa shayi kofi miliyan 200. Mai ziyara ya dubi ƙarafan bango da kyau: waɗanda aka shafa wa farin fenti su ne na asali na 1869, masu ruwan toka kuma sababbi ne da aka ƙara don su tallafe su.

Hawa na biyu rufinsa gajere ne, dogon mutum sai ya riƙa sunkuyawa. A nan ake ba da labarin gashin tumaki da hanyoyin da jirgin ya bi da mutanen da suka yi aiki a cikinsa. Akwai kujerun da ke layi kamar ana kan teku, akwai taswirar da yara ke gwada tuƙi a kanta daga Ostareliya zuwa Landan. Mai zuwa da iyali a nan zai fi daɗewa.

Daga nan sai a fito sarari, inda ginshiƙai da igiyoyi suke. Yawancin masu ziyara sitiyarin da ke can baya suke nufa don ɗaukar hoto, amma ƙananan ɗakunan da ke tsakiya sun fi ba da labari. Ga madafa, wadda ba ta fi rumfar mai shayi ba, inda kuku ɗaya ke ciyar da mutum wajen 26. Ga shagon kafinta. Ga gadajen katako masu hawa biyu, gajeru, inda ma'aikata ke kwana, cikinsu har da yara masu koyon aiki 'yan shekara 14. Ana aiki awa huɗu, a huta awa huɗu, dare da rana, in kuwa iska ta juya kowa ake tasowa ya hau igiya cikin duhu. Abincinsu nama ne mai gishiri da busasshen biskit da miyar wake, da ruwan lemun tsami don maganin ciwon dasashi da rashin ɗanyen abinci ke kawowa. Can baya kuma ga falon kyaftin, da katako mai sheƙi da murhun ɗumama ɗaki da teburin cin abinci. Taku kaɗan ne tsakanin wuraren biyu.

Zaman wata uku ko huɗu a irin wannan ƙunci yana taɓa hankali. A 1880 mataimakin kyaftin, Sidney Smith, ya bugi wani ma'aikaci baƙar fata, John Francis, har ya mutu. Kyaftin James Wallace ya bar Smith ya tsere, sauran ma'aikata suka ƙi aiki, iska kuma ta ɗauke a tekun Java, jirgin ya tsaya cik kwana da kwanaki. Daga ƙarshe Wallace ya faɗa teku. An kama Smith a Landan bayan shekara biyu, aka ɗaure shi shekara bakwai.

A ƙarƙashin gangar

Zangon ƙarshe shi ne wanda ba a samu a sauran tsofaffin jirage. A gyaran da aka gama a 2012 an ɗaga jirgin sama, kusan mita uku, aka rataye shi a kan sandunan ƙarfe, domin nauyinsa na shekara 50 a kan ƙashin bayansa ya fara lanƙwasa gangar. Yanzu mutum yana tafiya a ƙarƙashinsa daga goshi har baya, yana ganin farantan nan masu ruwan zinariya a saman kansa. A nan ake gane sirrin gudunsa, domin daga ƙasa ne ake ganin yadda goshin ya sirance.

Ba kowa ne ya yaba da wannan aiki ba. Rufin gilashin da ya kewaye jirgin ya ɓoye siffarsa daga waje, har wata mujallar masu zanen gini, Building Design, ta ba shi lambar gini mafi muni na 2012 a Birtaniya. Mai ziyara yana iya yanke nasa hukunci bayan ya gani daga ciki da waje.

A ƙarshen wannan zaure an jera sassaƙe-sassaƙen katako da ake kafawa a goshin jiragen fatauci a da, tarin da wani mai suna Sydney Cumbers ya bayar. Ado ne da alamar jirgi. Na Cutty Sark mace ce da ta miƙa hannu riƙe da wutsiyar doki, an ɗauko ta ne, tare da sunan jirgin, daga wata waƙa ta marubucin Sikotlan Robert Burns. Akwai kuma wurin shan shayi a nan ƙarƙashin gangar. Mai kiyaye halal ya tambayi abin da ke cikin abinci kafin ya saya, ko ya haƙura har kasuwar Greenwich, wadda ke bayan titi ɗaya, inda masu sayar da abinci suke da yawa.

Shirin fita

Matakalan jirgi a miƙe suke, kuma ƙanana. Babbar riga ko batakari mai faɗi tana kama ƙarfe da igiya, don haka a naɗe hannun riga a kafaɗa, ko a bar ta a gida ranar. Mata masu doguwar abaya su riƙe gefenta wajen hawa da sauka. Silifa tana santsi in ruwa ya jiƙa katako, takalmi rufaffe ya fi. A sarari iskar kogi tana kaɗawa ko da rani, saboda haka rigar sanyi ba ta yin yawa. Dattijo ko mai keken guragu ba sai ya bi matakala ba, akwai lif da ke kaiwa hawa-hawa, sai dai wasu ƙananan ɗakuna a sama ba sa shiguwa da keke. Ana ɗaukar hoto. Babbar jaka kuwa wahala ce a cikin lungunan, gara a zo da ƙarama.

Wanda ya fito da sauran ƙarfi kada ya juya gida nan take. Tafiyar minti biyar daga jirgin akwai gidan tarihin harkokin teku na ƙasa, wanda shigarsa kyauta ce, kuma a ciki akwai sashen da ya yi bayanin cinikin bayi ta tekun Atlantika, labarin da ya shafi Salaga da Elmina da Cape Coast kai tsaye. UNESCO ta sa wannan yanki duka cikin wuraren tarihi na duniya a 1997.

A bayan gidan tarihin akwai tudu, a kansa kuma gidan nazarin taurarin nan, mai jan ƙwallo a rufinsa. Tun 1833 ake sakin ƙwallon nan ƙarfe 1 na rana daidai, don kyaftin-kyaftin da ke kan kogi su saita agogonsu kafin su fita teku. Babi na gaba zai hau wannan tudu, ya bi layin da ƙasashe suka amince da shi a taron Washington na 1884 a matsayin mafarin awon gabas da yamma, layin da ya taso daga Greenwich ya ratsa Faransa da Sifen da Aljeriya da Mali da Burkina Faso, ya bi ta gefen Yendi, ya faɗa teku a Tema.